Akuyar da Kaka Sauda Ta Aika Tawa

Affala, ran Talata, ana cikin yankan hatsi

Kahin gaisuwa, kai mai karanta wannan takarda, ga kacici-kacici, ka riƙe shi da kyau. Kullum tana zuwa ƙofar gidanka, kullum ba ta iske ka. Ba ta cin hatsi, ba ta shan ruwa, ba ta kwana gidan kowa. A Affala har makaho ya san ta iso. Wace ce?

To, yanzu gaisuwa. Zuwa ga mijina Jibrilla, ma'aikacin biro, wato ofishin takardu, a birnin Tawa, daga kakarka Sauda, matar da ka bari ƙauye ba ko ɗan kallabi. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina lahiya, ina gajiya, ina aiki? Mu nan lahiya lau muke, sai godiya ga Allah. Gwiwata ta hagu ce kawai ke yi mini tsegumi in zan tashi. Hatsi ya yi kyau bana a gonar tudu. Ta gangare kuwa tsuntsaye sun riga mu, sun ci ba su ko yi mana sannu ba. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Za ka ce mi ya sa tsohuwa ta ɗauki alƙalami alhali ka saya mata salula. Dalili shi ne salularka ba ta da kunya. In na kira, kahin in gama ina kwana sai ka ce, "Kaka lahiya lau, zan kira ki," ƙit. Wata uku ke nan ina jiran wannan kiran. Shi ya sa na tono karatun da munka yi a ajin yaƙi da jahilci, shekarun da kake rarrahe kana cin ƙasa. Takarda ba ta cewa ƙit. In ka ajiye ta, tana nan tana kallonka.

Ciɗo direba, mai motar da ke zuwa Tawa, shi zai kawo maka wannan, kuma shi ya kawo mini labarinka. Ya ce ya biya ta biro ɗinku ran Alhamis, ya iske ka tsaye kana cin shinkafa da wake cikin leda, salula guda a kunne, guda cikin aljihu tana kuka kamar jinjirin da anka yaye. Ya ce wuyanka ya yi tsawo, rigarka ta koma kamar ta aro. Ya gaishe ka sau biyu, ka amsa masa da sunan wani. Na ce, "Ciɗo, ƙarya kake, mijina kyakkyawa ne." Ya ce, "Iya Sauda, da ke nan."

Saboda haka ga tambayoyina, ka amsa su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda kuke yi wa mutane a biro. Ƙarhe nawa kake tashi daga aiki? Yaushe rabonka da cin tuwo zaune? Da wa kake hira wanda ba takarda yake nema wurinka ba? Kada ka rubuto mini "lahiya lau". Wannan na ci shi a salula har na ƙoshi.

Na haɗo maka da ɗan ƙunshin kuka da daddawa. In Ciɗo ya ce bai gani ba, ka shinshina rigarsa.

Ni ce matarka,
Sauda

*

Tawa, Alhamis

Zuwa ga Kaka Sauda, amaryata mai furfura. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da gwiwar da mutanen gida duka. Kuka da daddawa sun iso, na gode. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan cinya nake yin shi.

Ciɗo ya ƙara gishiri, amma ba duka ne ƙarya ba. An koma lakwal, wato makarantar boko, kowane uba sai yanzu ya tuna ɗansa ba shi da takardar haihuwa. Mu uku ne a biro, layi kuwa har waje. Ana tashi ƙarfe biyar da rabi, ni kuwa sai bayan isha'i nake rufe ƙofa, har Asabar nakan leƙo. Mutanen Affala da na Kalfu in sun zo ba sa neman kowa sai "ɗan Sabo tela". Kaka, yaya zan dubi mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro in ce masa ya dawo gobe? Wanda bai zo ba kuma sai ya kira.

Tunda kin hana ni cewa lafiya lau, ga gaskiya. Kaina yana sara daga nan bayan wuya. Barci ba ya zama. Shekaranjiya na daka wa wata tsohuwa tsawa don ta manta shekarar da aka haifi jikanta. Ta dube ni kawai ta fita, abin bai bar ni ba har yanzu. Jiya na je likita. Majo, malamin asibitin, ya ɗaura mini abin awo a hannu, ya auna, ya sake aunawa, ya ce, "Shekarunka nawa?" Na ce ashirin da tara. Ya ce tansiyo ne, jinina ya hau. Wai in rage gishiri, in bar shayi mai ƙarfi, in riƙa takawa da ƙafa, in huta, in dawo bayan wata guda. Huta! Na ce masa to, na hau kabu-kabu na koma biro.

Kada ki damu, in an wuce wannan watan abin zai yi sauƙi.

Kacici-kacicinki kuwa, in wata budurwa ce kike turo mini gida, ki ce mata ta zo biro ta shiga layi.

Mijinki,
Jibrilla

*

Tawa, Asabar da yamma

Kaka, ina gaishe ki, kuma don Allah ki gaya mini gaskiyar lafiyarki.

Na dawo daga biro yanzun nan na iske akuya ɗaure jikin itacen bedin tsakar gidan da nake haya. Zahara, matar mai gidan, ta ce Ciɗo ya sauke ta da rana, ya ce saƙon kakata ne, ya wuce Abalak da fasinja. Babu takarda, babu bayani.

Na gane ta. Kyalla ce, mai farin goshi, wadda kike ba ƙanzo a tafin hannu, wadda kika ce ko ranar bikina ba za a yanka ta ba. Na san mutanenmu, Kaka. Dabbar da aka aiko Tawa ran Asabar ta kasuwar Lahadi ce. Kuma tsohuwa ba ta fitar da akuyar da take so sai abu ya ci ƙarfinta. Kwana tara ke nan ban ji daga gare ki ba. Na kira salularki ya fi sau goma, a kashe take. Ta Ciɗo ba ta shiga. Gwiwar ce ta tashi? Ko wani abu ne kike ɓoye mini kika tsaya kina tambayar tuwona?

Ga abin da zan yi. Gobe da safe zan kai ta kasuwa in sayar, Litinin in nemi izini wurin shef, shugaban biro, in zo da mota in ɗauko ki mu je likita. Kada ki ce a'a. Zan ba direban motar ƙarshe ya kawo miki.

Jibrilla

*

Affala, Lahadi da sassahe

Gaisuwa a taƙaice, mijina, don gobara ce. Lahiyata ƙalau. Jiya ni kaɗai na sussuke dami guda, na sheƙe, na ci tuwo malmala biyu. Salula tana cikin tukunyar da nake ajiye ta, batir ya mutu tun wancan sati, mai yi mana caji ya tahi biki.

KADA KA SAYAR DA KYALLA.

Na ba Ciɗo abu biyu, akuya da takarda. Akuya ta iso don tana da baki, ta tuna masa. Takarda kuwa na rantse tana ƙarƙashin kujerarsa tana yawon Abalak. Bari ya dawo, ni da shi ne.

Amma kai ma, ɗan lakwal! Shekara goma sha nawa kana karatu, ba ka iya karanta akuya ba? Ba ka ga ƙwaryar tatsa da na rataya mata a wuya ba? Wa ya taɓa aika dabba kasuwa da ƙwaryarta? Habbanaye na ba ka. Tunda birni ya wanke maka kai, bari in tuna maka. Aron dabba ne. Tana da ciki wata huɗu. Za ta haihu a hannunka, ɗiyan naka ne, in ta yaye su ka maido mini uwar. Ba a sayar da akuyar habbanaye, ba a yanka ta, ba a ba wani ya yi maka kiwonta. Wanda ya yi haka, ko bayan ransa ana faɗi.

Na tare wani ɗan kabu-kabu da zai shiga Tawa, na ce ya yi gudu amma kada ya mutu, don ina buƙatar takardar ta iso. In ta iske ka ba ka hita ba, alhamdu lillahi. In ka riga ka sayar, ka bi wanda ya saya ko Konni ya kai ta, ka kama ƙafarsa. Kada ka sake kirana matarka sai Kyalla tana ɗaure jikin bedin nan.

Sauda, mai lahiya kamar doki

*

Tawa, Talata

Zuwa ga Kaka Sauda, mai lafiya kamar doki. Ina gaishe ki, na kuma gode wa Allah da ba ciwo ba ne. Kin kusa ƙarasa ni, ke da Ciɗo.

Takardarki ta iso bayan azahar. Ni kuwa tun hantsi ina kasuwar dabbobi. Kwantar da hankalinki, ga Kyalla nan tana cin igiyar shanyar Zahara. Amma ba wayona ya cece ta ba.

Ina shiga kasuwa, ina jan ta tana ja na, dillalai suka yo kaina. Wani mahauci har ya fara matsa mata baya yana lissafin nama da ido. Sai na ji murya daga gindin wata bagaruwa. Wani tsohon Buzu ne, rawani har hanci, yana fifita gawayin shayi.

Ya ce, "Kai samari, ta wa ka sato?"

Na ce, "Baba, ta kakata ce. Ba ta da lafiya, ta aiko in sayar."

"Ita ta ce ka sayar?"

"Ba ta ce ba. Amma ran Asabar ta aiko."

Ya taso a hankali, ya kama ƙwaryar ya juya ta, ya shinshina. Ya duba igiyar, ya shafa cikin akuyar. Ya ce, "Ƙwarya sabuwa, an turara ta don nono. Igiya sabuwar tufka. Mai ciwo ba ta zama tufka igiya. Wannan matar lafiyarta ta fi taka. Aro ta ba ka, sakarai. Dubi idonka, kamar wanda ya yi sati yana bin raƙumin da ya ɓace."

Mahauci ya ce, "Rissa, kada ka ɓata mini ciniki."

Ya ce, "Je ka nemi wadda ba ta da ciki, marar tsoron Allah."

Kasuwa ta yi mini dariya, Kaka, har masu tumaki na can nesa. Rissa ya ce in zauna. Na ce ina sauri. Ya ce saurin zuwa ina ran Lahadi? Ya miƙo mini shayi, na ce majo ya hana ni mai ƙarfi. Ya ce, "To jira dahuwa ta uku, ita ce ta yara da masu biro." Haka na zauna ina jira, salula tana kuka a aljihu, shi kuwa yana ba ni labarin wata rijiya da ke arewa wadda sai raƙumi ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya fito. Ban san lokacin da na yi gyangyaɗi ba. Da na farka shayina ya huce, Kyalla tana kwance jikin ƙafata.

To amma mu yi maganar hankali. Na gode da karamci, sai dai ba zan iya riƙe ta ba. Jiya na dawo bayan isha'i na iske ta yi kuka tun rana, maƙwabta sun haɗa fuska. Tana son harawa, tana son ruwa, tana son a sake ta. Yaushe? Kin san nauyin da ke kaina, sai ki ƙara mini da akuya? Tunda kin ce ba a ba wani, ran Asabar zan ba Ciɗo ya mayar miki. Kada ki yi fushi.

Kacici-kacicin ma ban samu lokacin tunaninsa ba.

Jibrilla

*

Affala, ran Alhamis

Zuwa ga mijina, wanda kasuwar Tawa ta yi wa dariya. Ina gaishe ka, ina gaida Kyalla, ina gaida Zahara da haƙurin igiyarta. Mu muna lahiya, an gama kai hatsi rumbu. Ka gaishe mini da Rissa. Ka ce masa in ka ci gaba da sakarci zan kashe aurenmu in zo in sha dahuwa ta fari.

Yanzu ajiye dariya, ka zauna. In tsaye kake, nemi kujera.

Babanka shi ne ɗana na fari. Ka san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi gaban mutane. Tun da na haihe shi ban taɓa faɗin sunansa ba. Sai in ce "wancan", ko "mai keke". Da ya buɗe shagon ɗinki a Tawa, duk Affala wurinsa sunka koma. Bai iya cewa a dawo gobe ba. Shina ɗinki shina cin abinci, shina ɗinki ana kiran salla ya ce bari in ƙarasa wannan hannun riga. Sallar da ya zo gida ta ƙarshe na ga wuyansa ya yi tsawo. Na ga shina dafa bayan wuya, nan wurin da ka ce naka ke sara. Na gani, Jibrilla. Na so in ce ya zauna in yi masa magana. Kunya ta hana ni. Sai na aika masa da hura ta hannun uwarka, na ce ta gaya wa wancan ya rage aiki. Ya yi dariya ya ce in an wuce wannan watan. Kahin damina ya faɗi kan keken ɗinkinsa da tsakar rana, shekararsa arba'in da ɗaya, kai kana da shida.

Da na karanta takardarka na iske "in an wuce wannan watan", sai da na hita bayan ɗaki.

Kai jika ne, babu kunya tsakanina da kai. Kuma alƙalami ba baki ba ne, don haka yau zan rubuta abin da ban taɓa faɗi ba. Sabo. Sunan ɗana Sabo. Na rasa Sabo ina kallo, ba ni rasa ɗansa ina kallo.

Daga Affala ba ni iya tashe ka daga kujera. Majo ma ya gwada, ka ce masa to. Kyalla kuwa ba ta san shef ba, ba ta san layi ba, ba ta karɓar "to". In rana ta karkata tana son a zo, in ba a zo ba unguwa duka za ta ji. Shi ya sa na zaɓe ta cikin awakina, don ita ta hi su rashin haƙuri. Ba nauyi na ƙara maka ba, mai tsaro na aiko maka.

Mutanen Affala kuwa bar ni da su. Jiya a wurin suna na tashi na faɗa cewa jikana shina riƙe da habbanaye, duk wanda ya tsare shi bayan an tashi aiki, akuya za ta ci takardarsa.

In duk da haka ka ce sai ka maido ta, zan karɓa. Amma ba ta hannun Ciɗo ba. Ka kawo ta da kanka, ka dubi idona.

Kakarka,
Sauda

*

Affala, ran Lahadi, sanyi ya fara

Mijina, ina gaishe ka. Muna lahiya.

Asabar uku ke nan ina hita bakin hanya da sandata. Ba a sauke akuya ba, ba a kawo takarda ba. Motar Ciɗo ta lalace tana wurin makaniki, don haka ko ɗan tsegumin da nake samu ya yanke. Mata suna cewa Sauda ta yi sabon saurayi a tasha.

Na sa an yi wa salula caji. Jiya na riƙe ta tun azahar, na kasa dannawa. In hushi kake da abin da na rubuta, yi hushinka, amma ka yi shi a takarda in gani. In kuwa kwance kake, ka sa Zahara ta rubuto ko layi guda. Ni tsohuwa ce, ba ni da wani Jibrilla a ajiye cikin rumbu.

Sauda

*

Tawa, Juma'a

Zuwa ga Kaka Sauda. Ina gaishe ki, ina neman gafara. Lafiyata lau, kuma wannan karon na gaske ne. Ba fushi ba ne. Takardar da kika rubuta sunan Baba na karanta ta sau da yawa, duk lokacin da na ɗauki alƙalami sai in rasa ta inda zan fara. Sai na ce bari in jira awon majo, in zo miki da abin da ya fi magana. Ban yi tunanin kina tsaye a tasha ba. Laifina ne.

Ga abin da ya faru. Litinin ɗin farko, biyar da rabi ta yi, na tashi ina rufe durowa kamar ɓarawo. Sai ga wani dattijo daga Kalfu da takardu a hannu. Ya ce, "Ɗana, minti biyar kawai." Da na ce masa kaina ke ciwo, na san zai ce sannu ya ja kujera. Sai na ji bakina ya ce, "Baba, akuyar habbanaye ke jirana, tana da tsohon ciki." Kaka, mutumin nan ya zabura. Ya ce, "Subhanallahi! Tashi, tashi, ba a wasa da wannan. Gobe ma rana ce, ina da ɗan'uwa a gari." Har ƙofa ya raka ni yana tambaya ko ina ba ta kanwa.

Tun ranar haka ake yi. Mutanenmu ba su san tansiyo ba, amma sun san habbanaye. Yanzu su ke duba mini agogo. Abokan aikina biyu kuma, da suka ga ɗan Sabo ba ya kwana a kujera, sun fara karɓar mutanen Affala, ashe hannunsu ma yana rubutu. A biro sunan Kyalla ya koma Shef.

Sau ɗaya na yi mata wayo. Na ce tunda ba na zama, bari in ɗauko dosiye, wato takardun aiki, in yi a gida. Na ajiye kan tabarma na shiga alwala. Na fito na iske rabin shafi a bakinta, tana kallona ba ko kunya. Addu'arki ta kama ni maimakon mutanen Affala. Na kwana da fargaba, da safe na je wurin shef na gaske na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce in sake bugawa. Minti goma ya ɗauke ni. Abin da na ɗauka zai tsaga ƙasa ke nan.

In na dawo ina ba ta harawa da ruwa, in sa silifa, in ja ta mu taka har wurin bagaruwar Rissa. Salula guda tana kwana a durowar biro, ɗayar ina rufe mata baki. Rissa yana ajiye mini dahuwa ta uku. Mukan zauna mu yi hira. In mun dawo Zahara ta zuba tuwo, ina ci da maigidanta a zaune, miyar da kukarki, gishiri kaɗan. Tsohuwar da na yi wa tsawa ta dawo, na yi mata takardar, na ba ta haƙuri. Ta ce in yi aure.

Ba kullum ne daidai ba. Akwai ranakun da kan yake tashi, akwai ranar da na makara Shef ta tara mini unguwa. Amma ina barci. Jiya majo ya auna, ya ce ya sauka, bai kai inda yake so ba, in dawo bayan wata. Ya ce, "Me ka canza?" Na ce kakata ta aiko mini akuya. Ya ce in ci gaba da sha.

Na bar miki mai daɗin a ƙarshe. Ran Laraba da hantsi Kyalla ta haihu. Biyu, mace da namiji, macen da farin goshin uwarta. Zahara ta aiko aka kira ni, na bar layi na fito da gudu, ba wanda ya yi gunaguni. Ƙwaryarki za ta fara aiki.

Kacici-kacicin ya gagare ni. Na so in ce Kyalla, amma ita tana ci kamar fara, kuma a gidana take kwana. Na kai wa Rissa, ya yi dariya cikin rawani ya ce shi ya sani amma ba ya shiga tsakanin miji da mata. Na sallama. Na ba ki gari, na ba ki Tawa.

Mijinki,
Jibrilla ɗan Sabo

*

Affala, ran Litinin

Zuwa ga mijina, mai garke. Ina gaishe ka, ina yi maka barka, ina yi wa Kyalla sannu da arziki. Mu nan lahiya lau. Gwiwata ma da ta ji labari ta bar tsegumi, na taka rawa a tsakar gida har kaji sunka watse. Na sa an karanta wa mata wurin da akuya ta ci dosiye, sau biyu, don Ciɗo ya iso a tsakiya ya ce a koma farko. Ya kawo mini tsohuwar takardata daga ƙarƙashin kujera, duk man mota. Na yahe masa rabi.

Ka bar wa ɗiyan nono su ƙoshi tukuna, sannan ka tatsa. Ka koma wurin majo ranar da ya ce, ko ba abin da ke ciwo. Ranakun da kan ya tashi, kada ka ɓoye mini.

Kada kuma ka ce in Kyalla ta yaye ta dawo Affala ka tsira. Ɗiyan naka ne, suna nan, kuma macen da ka ce tana da goshin uwarta, bakin uwarta ma za ta ɗauko. Na lissafa wannan tun kahin in tufka igiya. Ranar da za ka maido uwar, ka zo da kanka ka kwana biyu. Akwai labaran Sabo da ban taɓa ba kowa ba. Ka gani, na sake rubuta sunansa.

Tawa kuwa na karɓa, da kasuwarta da bagaruwarta da Rissa a gindi. Tunda ka biya, ga amsarka. Makahon Affala shina sanin ta iso don zahi ya sake shi, ya ji awaki suna dawowa, ya ji an baza tabarma a inuwa. Shekara uku tana zuwa ƙofarka a Tawa kana biro, ta jira ka, magariba ta kore ta. Ita na aiko Kyalla ta riƙe maka, kuma sati uku ke nan tana iske ka gida.

La'asar ce.